Shekarar da Na Ƙara wa Injin Atta Ƙarfi

Duk cikinku babu wanda bai taɓa tambayar Baffanku Atta abin da ya same shi a goshi ba, kuma kowa amsa ɗaya yake ba shi, wai jaki ne ya harbe shi yana yaro. Zolayarku yake yi. Gidanmu ba a taɓa ɗaure jaki ba. Wannan tabo injin yankan itace ne ya yi masa shi, injin da ni na buɗe da hannuna na ƙara masa ƙarfi. Na kuma san manyan cikinku sun tsinci wata magana a bakin mata, wai akwai shekarar da ni da shi muka daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda gadon gida. Babu maganar gado a ciki ko kaɗan. Tunda ina da sauran numfashi, idona kuma yana ganin layin takarda, gara in faɗa muku yadda aka yi, kada wata rana ku ɗauki faɗan da ba a yi ba ku ɗora wa kanku.

A lokacin rumfata tana nan bakin titi a Ƙofar Marke, inda mai shayi yake yanzu. Aikina ƙananan injuna: injin ban ruwa na 'yan fadama, janareta, injin markaɗe, duk abin da ake ja da igiya ya tashi. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, Atta auta. Mahaifinmu ya rasu Atta bai fara azumi ba, don haka rabi wa nake a wurinsa, rabi uba, shi kuwa ba ya son ko ɗaya ya tsawata masa. Inna, kakarku, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, kuma ko ni ke da gaskiya ba ta goyon bayana a gaban mutane. Atta kuwa har ya yi gemu tana ajiye masa ƙanzo. Ya bi 'yan katako zuwa kurmi ya yi shekaru, ya dawo da tsohon inji a cikin buhu da baki cike da labari, aka yi masa aure da Hauwa'u, ya shiga sare wa mutane itace a cikin gari.

Farkon daminar shekarar aka yi wata iska da ta zo gaban ruwa, ta bi unguwanni ta karya itatuwan dogon yaro ba adadi. Wani ya faɗa kan katanga, wani ya kwanta a kan wayar wuta, wani ya karkata ya tsaya a kan ɗakin mutane yana jiran iska ta gaba. Masu inji suka zama abin nema, har gida ake biyo su. A nan Atta ya ga iyakar nasa injin. Wata rana ya shigo rumfa ya dangwarar da shi a kan teburina, garin itace har cikin kunnensa.

"Yaya, wanga inji ba shi da zuciya. Ina kan icce guda har rana ta take, masu manyan injuna sun gama layi sun tahi."

"To ka sayi babba mana."

"Kai dai ka buɗe shi. Can kurmi na ga ana buɗe su, ƙaramin inji shi koma shina cin icce kamar kabewa."

"Kuma ka ga yadda sunka ƙare, su da masu riƙe su?"

"Allah ka tsarewa, Yaya."

Na ƙi. Na san ana yi, na kuma san yadda ake yi, amma wanda ya ƙera inji ya auna ƙarfinsa da hannun da zai riƙe shi, ba na son in shiga tsakaninsu. Abin da ya juya ni shi ne wani aiki da na tarar da shi yana yi a wani lungu, ina dawowa daga masallaci. Ya ci rabin gindin wani itace, injin ya gaza, sarƙa ta maƙale a ciki, itacen ya matse ta. Ga itace ya fara ƙara yana rangaji, ga Atta a ƙarƙashinsa yana fizgar inji, ga mata suna wucewa da tallan fura. Sai da aka sa igiya majiya ƙarfi suka ja kafin ya zare ta. Na tsaya ina kallo har aka gama. A ranar na gane raggon inji ma kisa yake yi, don yana barin mutum a tsakiyar aiki, a inda ba gaba ba baya. Da yamma na ce masa ya kawo.

Ban yi aikin da gaggawa ba. Na fara da salansa, na faɗaɗa mafitar hayaƙi don injin ya samu numfashi. Na kwance kansa, na bi ƙofofin da mai ke shiga da inda hayaƙi ke fita da ɗan ƙaramin magagari, ina ci kaɗan ina shafawa da yatsa, don abin da ka ci a nan ba ya dawowa. Na cire takardar da ke tsakanin kan injin da gindinsa na sa wadda ta fi ta siranta, matsi ya ƙaru, har igiyar ta koma sai namiji ya ja ta. Sannan na zo kan kafireto, mai haɗa mai da iska, inda yawancin masu wannan aiki suke kashe inji. In ka buɗe wa inji iska dole ka ƙara masa mai, in ba haka ba zai yi ta ihu mai daɗin ji, ya yi zafi, fistin ya kama. Ni da kunne nake saitawa. In an matsa shi babu itace, ina so in ji 'yar gargada a muryarsa, in ya shiga itace muryar ta washe. Na bar masa mai ya ɗan fi yawa, saboda zafin Sakkwato ba ya tausayin ƙarfe. Muka gwada shi a kan wani kututture a bayan rumfa, ya ratsa shi kafin in gyara tsayuwa. Atta ya yi ta dariya yana buga kafaɗata, ni kuwa ban yi dariya ba, don na ga yadda injin ya ja hannunsa gaba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne murya. Da salansa ta buɗe, injin ya samu wata irin ƙara da babu mai irinta a garin. In Atta yana aiki a unguwa ko maƙwabtanta, ina rumfa ina jin sa. Inna ma tana tsakar gida tana ji. Ranar farko da na shiga gaishe ta ta dube ni a kaikaice.

"Kai wanga, mi kay yi ma abin yaron nan yaka ihu haka?"

"Gyara na, Inna."

"Gyara. To Allah shi sa gyara na."

Daga nan kunnena ya daina zama nawa. Ina cikin kwance injin wani, da na jiyo na Atta ya tashi sai hannuna ya tsaya da sifana a ciki. Na san lokacin da ya shiga itace, na san lokacin da ya fito, na san in reshe ya matse shi. In ya yi shiru na ɗan lokaci sai in ce mai yake zubawa, in shirun ya yi tsawo sai in fara lissafin wace hanya ta fi kusa. 'Yan fadama suka gane ni, suna cewa a kawo wa Umaru aiki ranar da ƙanensa ba ya fita. Mahaifiyarku ta ce ko kishin miji ba a yi masa irin wannan kasa kunne. Ina dariya tare da su, amma abinci ya daina shiga, wandona ya fara sauka. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kuma babu wanda zan gaya wa, don ni na yi aikin.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Hauwa'u tana da cikin fari a lokacin, cikin Nana. Wata la'asar ta zo sashenmu ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaishe ni.

"Yaya, don Allah wata alfarma nika roƙo. In ya kawo maka injin nan, ka maishe shi yadda yake. Ko ka kashe shi gaba ɗai, ka ce mai ya buga. Ba shi ganewa."

"Hauwa'u, in na kashe wanga, gobe shi ari na wani wanda ban san cikinai ba. In na rage mai ƙarhi, shi maƙale mai tsakiyar icce."

"To ya za a yi? Ni dut sadda nij ji shi, abin da ac cikina motsi shikai."

Na ce ta yi ta addu'a, ta tashi tana share ido da bakin mayafi.

Aiki ya buɗe wa Atta sosai, sunansa ya zaga, kuma kun san halin Baffanku, in ya samu ɗaya sai ya tambayi ina ɗan'uwansa. Ya dawo rumfa da sabuwar buƙata, har biyu. Ta farko, a gaban kowane haƙorin sarƙa akwai ɗan tudun ƙarfe da ke hana haƙorin nutsewa da yawa, yana so in goge su ƙasa don sarƙar ta riƙa cizo sosai. Ta biyu ita ce birki. A gaban hannun hagu na mai riƙe inji akwai wata mariƙa a tsaye. In bakin injin ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa, injin yakan yi tsalle ya taso wa fuskar mutum, sai bayan hannunsa ya bugi mariƙar, wani ɗan ƙarfe ya shaƙe sarƙar ta tsaya cak kafin ƙiftawar ido. Atta ya ce a cikin rassa ƙananan reshe suna yawan taɓa ta, sarƙa ta tsaya ba dalili, yana ɓata lokaci. Wai a kurmi duk ƙwararre cire ta yake yi.

"Ba ni cirewa. Haƙoran ma ba ni taɓa su."

"Don mi? Ni ka riƙe injin ko kai?"

"Atta, iccen gari ba iccen kurmi ba na. Can babu wanda yat taɓa kafa ƙusa ga icce. Nan ko kowane dogon yaro cike yake da ƙarhe. Wanga ya ɗaure waya ta shanya, wancan ya kafa ƙusa ya rataya buta, icce ya girma ya haɗiye su. Ranar da kac ci karo da guda da wanga ƙarhin da nis sa mai, birkin nan ɗai ag gare ka."

"Tsoro ya yi maka yawa, Yaya. In ba ka cirewa, akwai masu cirewa bakin kasuwa, ko shayi ba su ƙarewa sun gama."

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta tayar mini da hankali. Aikin ba shi da wuya, kowane mai sukundireba zai iya. Ya bar injin a wurina in canza masa fulogi, ya ce gobe zai ɗauka ya kai inda za a yi masa abin da yake so. Na zauna ina kallon injin har aka kira magariba. Na yi tunanin in ɓoye shi, na yi tunanin in yi wa mariƙar walda yadda ba ta ciruwa, na ga duk wasan yara ne, Atta zai samu hanya. Abu ɗaya ne na san ba zai iya tsallakewa ba, na kuma san in na taɓa shi ba zai yafe mini da wuri ba. Bayan salla na saɓi injin na shiga da shi har ɗakin Inna, na ajiye a gefen tabarmarta, abin da ban taɓa yi da kayan aiki ba. Na nuna mata mariƙar, na gaya mata aikinta, na gaya mata abin da Atta yake shirin yi. Ta sa hannu ta shafa ta, sannan ta aika a kira shi.

Ya shigo da fara'arsa, ya ga injin, ya gan ni, fara'ar ta ɗauke.

"Attahiru."

Ba ta kiran cikakken sunansa sai magana ta kai magana. Ya durƙusa.

"Wanga ƙarhen da wanka yan nuna mani. In kac cire shi, ko kas sa anka cire, ko kar riƙa inji wanda ba shi da shi, ban yahe maka nonon da kash sha ba."

"Inna..."

"Na gama."

Ku 'yan yanzu ba lalle ku san nauyin wannan magana ba. Uwa ba ta furta ta a kan abin wasa, da yawa har su mutu ba su furta ta ba, kuma Inna ba ta taɓa gaya wa Atta ko da "tir" ba. Na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ɗauki injinsa ya fita, na bi shi zaure, ya juyo idonsa jawur.

"Maganar aiki ta, tsakanina da kai. Kak kai ta ɗakin Inna, kas sa tay yi mani baki. A gaban matata za a ce uwata ta ɗaure ni kamar akuya. Na gode, Yaya."

Daga ranar ya daina yi mini magana. Gaisuwa kawai, ita ma don kada Inna ta ji. Aka raba mana kwano, yana ci a ɗakinsa ina ci a zaure ni kaɗai. Wannan ne abin da mata suka gani suka ce gado. Injin kuma ya daina zuwa rumfata, ya koma kai shi wurin wasu. Mariƙar tana nan, don ko da wani ya ce a cire Atta da kansa zai hana, amma kafireto ya shiga hannun da ba nawa ba. Ina zaune na ji muryar ta canza, gargadar nan da na bari ta ɓace, ya koma ihu siriri mai kaifi. Wani ya rage masa mai don ya ƙara gudu. Ina ji, na san abin da ake yi ba daidai ba, ba ni da bakin faɗa. Na sayi tsaron goshinsa da bakin da zan riƙa yi masa gargaɗi, kuma a watannin nan ban san ko cinikin ya yi riba ba.

Wajen ƙarshen damina aka ba shi aikin wani tsohon dogon yaro a gidan wasu mahauta, a bayan layinmu kan hanyar da ke bi zuwa Ƙofar Rini. Itacen ya tsufa, babban reshensa ya kwanto kan ɗakunan mata. Da na ji gidan da ake nufi na gane shi. Muna yara muna zuwa gidan kallon fiɗa, kuma na tuna sarai a jikin wannan reshe ake rataye raguna, da wasu ƙugiyoyin ƙarfe masu kauri da aka kafa tun zamanin kakanninsu. Atta bai san wannan ba, lokacin ba a haife shi ba. Na kira Hauwa'u na ce ta gaya masa. Ta dawo da amsa da safe, kanta a ƙasa.

"Ya ce ya duba reshen tun daga gindi har ƙarshe, babu ƙarhe ko guda."

"Ba shi ganin su. Icce ya rufe su."

"Na hwaɗa mai, Yaya. Ya ce a gaishe ka."

Na rufe rumfa na tafi gidan da kaina. Na samu maigidan, dattijo ne, ya ce shi ma yana tuna ƙugiyoyin, amma yana jin an cire su da aka daina yanka a gida, ba zai dai rantse ba. Atta yana sama ya riga ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin itacen. Na ɗaga kai na kira shi, na nuna masa daidai inda nake zato. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka taru, ya rataye injin a reshe ya naɗe hannu.

"Alhaji, in shina nan ba ni yanka. Ku zaɓa."

Mutane suka fara ba ni haƙuri, wani har yana riƙe mini hannu kamar ni ne mai tayar da fitina. Kunya ta rufe ni, na juya na koma rumfa. Ban buɗe ko akwatin sifana ba, na zauna a kan benci.

Na ji ya ja igiya, injin ya tashi. Ya fara da ƙananan rassa, shiga kaɗan fita, shiga kaɗan fita. Wani mai janareta ya zo yana yi mini bayani, ban san abin da ya ce ba, ya gaji ya tafi. Injin ya yi shiru, na ce mai yake zubawa, ya sake tashi. Sai na ji ya shiga abu mai kauri, muryar ta yi nauyi ta daɗe a ciki, na san babban reshen ne. Ina ta salati a zuci. Yana ci, yana ci. Sai wata ƙara ta ƙarfe da ƙarfe, gajeriya, injin ya yi wani gurnani irin na wanda aka shaƙe, ya mutu. Duk wanda ya kashe inji da hannunsa muryar sauka take yi a hankali. Wannan yankewa ta yi. Ban san lokacin da na tashi ba, takalmina ɗaya a rumfa na bar shi. Ina gudu a lungu ina jin ihun mata daga cikin gidan, ina cewa a raina shi ke nan, na kashe wa Inna auta.

Na same shi a sama, igiyar ƙugunsa ta riƙe shi, ya rungume reshen, jini ya rufe masa fuska har ba a ganin ido. Injin yana lilo a ƙasansa. Na kira sunansa, bai amsa ba, na sake kira, sai na ga ya ɗaga hannu yana share ido. Aka kawo tsani muka sauko da shi. Bakin injin ya ci karo da ƙugiya a cikin reshen, ga ta nan tana ƙyalli a inda ya yanka, injin ya taso ya sare shi a goshi. Amma sarƙar a tsaye ta same shi. Haƙoran sun tsaga fata har ƙashi, ba su wuce nan ba. Mariƙar ta tsage gida biyu saboda ƙarfin bugun da hannunsa ya yi mata. Mahautan nan, mutanen da suka saba da jini tun suna yara, suka tsaya suna kallon sarƙar suna kallon kansa. A asibiti aka ɗinke shi, ina riƙe da ƙafarsa.

Kada ku zaci an fito ana yi mini sannu da ƙoƙari. Da muka dawo gida Hauwa'u ta tare ni a tsakar gida, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

"Da ba ka ƙara mai ƙarhi ba, Yaya, da bai yi wanga tsalle ba."

Na buɗe baki in ce ko raggon inji yana tsalle in ya ci ƙarfe, sai na rufe, don ban sani ba. Wataƙila da ƙarfinsa na asali da bugun bai kai haka ba. Wataƙila kuma da tuni wani itacen ya danne shi da sarƙa a maƙale. Na juya wannan magana a kaina shekara da shekaru, har yau ban samu inda ta tsaya ba. Inna kuwa sai ta sa aka kai mini tuwo da man shanu fiye da na kullum, na gane abin da take nufi.

Atta ya warke, amma bai dawo mini da magana ba, injin kuma yana cikin buhu a ƙarƙashin gadonsa. Unguwa ta yi tsit. Na zaci zan samu barci, sai ga shi shirun ma yana damuna, ga iyali gare shi, ga haihuwa ta matso. Ana cikin haka, bayan an kai gero gida, Inna ta kwanta da zazzaɓi. Ba ta daɗe ba. Ta ga Nana an haife ta, ta sa mata albarka, ta rasu ba a yi suna ba. Ni da Atta muka saka ta a kabari da hannuwanmu, kafaɗa tana gugar kafaɗa, muka zauna karɓar gaisuwa a tabarma ɗaya, duk da haka abin da ke tsakaninmu bai wuce "sannu" ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya ina share rumfa, sai na ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Atta ne da buhu a kafaɗa, tabon goshinsa bai gama baƙi ba. Ya sauke, ya zaro injin ya ɗora a kan teburina a hankali, ga tsagaggiyar mariƙar tana reto. Ya tsaya yana kallon titi.

"Na kai shi wuri biyu. Sun ce ba a samun irin mariƙar nan, in ɓalle sauran in ci gaba da aiki, yankanai shikai lahiya lau."

Na jawo injin ina duba inda mariƙar ta tsage, ya ci gaba.

"Inna ba ta janye maganatta ba, Yaya. Kuma yanzu babu mai janye ta."

Na juya baya kamar ina neman sukundireba, don kada ya ga fuskata. Na ce masa ya jawo benci ya zauna, aikin zai ɗauki lokaci, sai na bi 'yan gwangwan na nemo tsohon inji irinsa na ciro. Ya jawo bencin ya zauna. Da rana ta yi aka kawo mini abinci daga gida, na buɗe kwanon na tura tsakiya, ya wanke hannu.